Haɗa bas da jita a sitidiyo: yadda kowanne zai fito ba tare da ya danne ɗan'uwansa ba

Kukan da aka fi ji daga masu ƙananan sitidiyo a Damagaram kusan iri ɗaya ne. Bas shi kaɗai da daɗi, jita ita kaɗai da daɗi, amma da an sake su tare sai waƙar ta cushe, ƙasanta ya koma gunji. A ƙara bas, jita ta nutse. A ƙara jita, bas ya ɓace. Kafin a ankara kowace feda, wato abin ja na ƙara ko rage ƙarfin layi, ta kai sama, fitilar layin ƙarshe ta yi ja, muryar mawaƙi kuma tana can tana neman hanyar fita. Ƙarin ƙarfi ba ya maganin wannan, domin kayan kiɗan biyu wuri ɗaya suke rububi.

Lissafin da kansa yana nuna haka. Ana auna kaurin sauti ko sirantakarsa da Hz, wato yawan kaɗawar tsirkiya a cikin sakan guda. Bas mai tsirkiya huɗu, in an saita shi yadda aka saba, yana ba da Mi a Hz 41, La a 55, Re a 73, Sol a 98. Jita kuma tsirkiyoyinta shida suna ba da Mi a Hz 82, La a 110, Re a 147, Sol a 196, Si a 247, sai ƙaramar Mi a 330. Ka ga tsirkiyar jita mafi kauri ta riga ta shiga ƙasa da Sol na bas. Ba a nan ma abin ya tsaya ba. Kowane sauti yana da uwa, yana da ƴaƴa: idan bas ya buga Mi na Hz 41, tare da shi ake jin 82, 123, 165, 206, haka har sama, kowanne ninkin uwar. Waɗannan ƴaƴan suna sauka daidai inda jikin jita yake. Saboda haka daga Hz 80 zuwa 350 fili ne da dukansu biyu suke da haƙƙi a kai, kamar gonaki biyu maƙwabta da ba a dasa gamba a tsakaninsu ba. Aikin mai haɗa sauti shi ne ya ja iyakar, ya yanke shawarar wa zai riƙe ina, kuma ya yanke ta da wuri.

Abin da ake gyarawa tun kafin a ɗauka

Fara da saitin tsirkiya, kuma da na'urar saiti guda ɗaya za a saita su duka biyu, ba kowa da tasa ba, ba kuma da kunne ba. Idan Mi na jita ya kauce daga ɗan Mi na bas da kashi 20 cikin ɗari na rabin murya, wato tazarar gaɓa ɗaya a wuyan jita, bambancin ya kai kusan Hz 1 ke nan, sai ka ji ƙasan waƙar yana kumbura yana sacewa sau ɗaya a kowane sakan. Mutane da yawa suna ɗora wa ikwalaiza, na'urar ƙara ko rage wani yanki na sauti, laifin wannan, alhali babu ikwalaizar da za ta cire shi. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, jitar da aka shigo da ita daga rana tana buƙatar minti 15 zuwa 20 ta saba da ɗakin kafin saitinta ya zauna. A sake dubawa kafin kowace ɗauka. A hunturu kuma bushewar iska takan sauya lanƙwasar wuyan jita da na bas, har tsirkiya ta fara gogar gaɓa tana zizara, ko kuma saiti ya yi daidai a buɗe amma ya kauce a gaɓa ta 12. Duba wannan gaɓar da na'ura: dole ta ba da sauti ɗaya da tsirkiyar a buɗe, ninki ɗaya sama.

Tsohuwar tsirkiyar bas ita ce babbar mai kashe ƴaƴan sauti. Gumi da ƙurar hazo suna shiga tsakanin naɗin ƙarfen, sai saman sautin ya mutu, uwar kaɗai ta rage. Sabuwa sau da yawa sai an yi saƙo Kano ko Yamai, kuma ba ta da araha. In babu hali, a kwance tsofaffin, a tafasa su cikin ruwa na minti 10 zuwa 15, a goge, a shanya su bushe ƙarau kafin a mayar. Haskensu yana dawowa na ɗan lokaci, wanda ya isa a ɗauki waƙa. Ba a yi wa tsirkiya haka fiye da sau ɗaya ko biyu, tana iya tsinkewa a wurin da aka naɗe ta.

Sai tsarin kiɗan kansa, wanda a ganinmu ya fi duk wata na'ura tasiri. Salon jitar da ya yaɗu daga wajen Agadez yana da wata ɗabi'a: babban yatsa yana ta dukan tsirkiya mai kauri ba tsayawa, sauran yatsu suna fitar da amon waƙar a sama. Idan mai jita shi kaɗai ne, wannan dukan shi ne bas ɗinsa, kuma yana da daɗi ƙwarai. Amma idan akwai mai bas a gefe, sun zama mutum biyu a aiki ɗaya. Mafita uku ce. Ko mai jita ya sa kafo, abin da ake maƙalawa a wuyan jita ya danne tsirkiyoyin duka: a gaɓa ta 5 tsirkiyar Mi tana komawa La na Hz 110, a gaɓa ta 7 tana komawa Si na 123, nan take fili ya buɗe. Ko mai bas ya zauna a tsirkiyoyinsa biyu mafiya kauri, ya daina hawa inda jita take. Ko kuma su raba lokaci, bas ya buga inda babban yatsan mai jita ya huta. Zaunar da su biyun a yi wannan magana na minti biyar ya fi awa uku na murɗe-murɗe a kwamfuta. Haka ma in gurmi ko garaya ce a madadin jita, tambayar ba ta sauyawa.

Wajen ɗauka, a sa bas kai tsaye cikin akwatin sauti mai shigar da shi kwamfuta, a danna maɓallin da aka rubuta wa INST ko Hi-Z. In ba a danna ba, saman sautin yana dushewa tun daga ƙofa. A ɗauka a bit 24, a bar ƙololuwar sauti wajen dB 10 ƙasa da sifili (dB shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Babu ribar kusantar ja.

Ƙugin wuta ma nan ake kashe shi. Wutar Nijar tana tafiya ne a Hz 50, don haka ƙuginta yana fitowa a 50, 100, 150 da sauransu. Abin takaicin shi ne Sol na bas, wanda ke gaɓa ta 3 a tsirkiyar Mi, yana Hz 49. Duk wanda ya haƙa rami a 50 don ya cire ƙugi, ya cire wannan Sol ɗin tare da shi. In kuma janareta ake amfani da shi, gudunsa yana hawa yana sauka, ƙugin ba ya ma tsayawa wuri ɗaya balle a kama shi. Cire cajar kwamfuta a ɗauka da batir, kashe fanka da doguwar fitila, nisanta kebul ɗin jita daga wayoyin wuta, sannan a sa mai jita ya juya a hankali a kan kujerarsa har a sami fuskar da ƙugin ya fi raguwa, ya zauna a haka. Kada a kuskura a cire ƙafar wayar ƙasa ta amfilifaya don neman shiru. Rai ya fi waƙa.

Ɗakin yana yi maka ƙarya

Tsawon igiyar sautin Hz 41 ya haura mita 8, ya fi yawancin ɗakunan da ake aiki a ciki. A ɗaki mai tsawon mita 4, sautin da ke wajen Hz 43 da ninkinsa 86 yana kai-komo tsakanin bango da bango, ya taru a wani wuri, ya soke kansa a wani. Ɗaki mai mita 3 nasa yana wajen 57 da 114. Idan kujerarka tana tsakiyar ɗakin cif, kana zaune ne a ramin na farkon, za ka yi ta ƙara bas ɗin da ba ya buƙatar ƙari. Idan kuma ka jingina da bango ko lungu, za ka ji ya yi yawa ka rage, waƙar ta fita a rame. Matsar da kujerar zuwa wajen kashi 38 cikin ɗari na tsawon ɗakin daga bangon gaba, ka fitar da sifikoki daga lungu. Ɗakin da tsawonsa da faɗinsa suke ɗaya ya fi kowanne wahala, domin matsalar ninkuwa take.

Kwalin ƙwai da siririn soso da ake mannawa a bango ba sa taɓa ƙasan sauti ko kaɗan. Saman kawai suke sha, su bar ɗakin da duhu da gunji. Abin da ke aiki shi ne abu mai kauri a lunguna, katifa mai kauri a tsaye ko audugar gini ta santimita 10 zuwa sama, da ɗan fili a bayanta. Sifika mai inci 5 kuma ba ta cika sauka ƙasa da Hz 50 ba, ke nan uwar Mi na bas ba jin ta kake ba sam. Don haka ka riƙa duba ƙasan da hedifon mai kyau, kuma ka sa na'urar da ke zana sauti a ido, irin SPAN na Voxengo wanda kyauta ne, a layin ƙarshe.

Ƙarfin da kake saurare da shi ma yana da hannu. Tun 1933 Fletcher da Munson suka nuna a Amurka cewa kunne ba ya jin ƙasan sauti sosai idan an rage ƙara, yana kuma jin sa da yawa idan an ƙure. Tsaya a ƙarfin da za ka iya magana da na kusa da kai ba tare da ɗaga murya ba, ka yi wa maɓallin alama, kullum nan za ka dawo.

Ma'auni na farko, a mono

Sauke duk feda. Mayar da layin ƙarshe mono, wato dama da hagu su haɗe su zama ɗaya: a manhajar Reaper akwai maɓallinsa a kan layin, a manhajar FL Studio kuma murɗa maɓallin faɗin sitiriyo na layin ƙarshe zuwa dama gaba ɗaya. Ɗaga ganga ko ƙwarya, sannan bas har su zauna tare, sannan murya, jita a ƙarshe. Kada ka sa komai a kansu tukuna. A mono babu dama babu hagu da za a ɓuya, duk inda suke cin juna zai fito fili. Kuma ka guji maɓallin solo, mai kashe sauran layuka ya bar ɗaya: ba wanda zai taɓa sauraren jitar nan ita kaɗai, don haka daɗinta ita kaɗai ba shi ne abin nema ba.

Idan an ɗauki bas ta hanya biyu, kai tsaye da kuma makirufo a gaban amfilifaya, sai an daidaita su. Sauti yana cin santimita 34 a cikin ms 1, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan, don haka na makirufon yana isowa a makare. Buɗe zanen igiyoyin biyu sosai, ka ja na makirufon baya har farkon bugun ya hau kan na ɗayan. Sannan danna maɓallin Ø, mai kifar da igiyar sauti, a ɗayansu ka saurara: yanayin da ƙasa ya fi cika shi ne daidai. Jitar da aka ɗauka da makirufo biyu ita ma haka.

Jan iyaka da ikwalaiza

Yankewa ake fara yi, ƙari daga baya. A layin jita, sa matatar yanke ƙasa, wadda ake rubuta wa HPF, mai gangaren dB 12. Duk abin da ke ƙasa da Hz 80 a jita ba kiɗa ba ne, bugun hannu ne da ƙugi da rawar ƙasa, yanke shi ba asara. Daga nan, waƙa tana tafiya da bas a ciki, riƙa tura matatar sama a hankali har ka ji jitar ta fara ramewa, sai ka dawo baya da Hz 15 ko 20. A waƙa mai cunkoso yawanci za ka tsaya tsakanin 110 da 150. Jitar da ke yin amo a sama kawai tana jure 180, har 200. Amma a waƙar da jita da murya ne ginshiƙi, bas yana tallafi ne kawai, kada ka wuce 90. Jitar katako tana da kumburi na jikinta wajen Hz 100 da kuma wajen 200, musamman in an saita makirufo a bakin ramin. A rage waɗannan da dB 3 ko 4, a gaba kuma a riƙa saita makirufon wajen gaɓa ta 12.

Kuskuren da ya yawaita yanzu shi ne wuce gona da iri a wannan yankan. An ji cewa a yanke ƙasan jita, sai a kai matatar 300 a kowace waƙa. Sakamakon shi ne rami tsakanin bas da jita: ƙasa yana gunji shi kaɗai, sama tana ƙara ita kaɗai, ba abin da ya ɗinke su. Manufar ita ce su haɗu su zama jiki ɗaya, gefen wannan ya taɓa gefen wancan.

A layin bas, yanke ƙasa da Hz 30 zuwa 35, ko 25 in mai tsirkiya biyar ne, tunda Si ɗinsa yana 31. Yanke sama da Hz 5,000 ko 6,000, inda babu komai sai shuu. Yanzu sai filin rigima, 200 zuwa 350. Nan cushewa take zama, kuma nan ɗumin waƙa yake, shi ya sa ba a share shi daga duka biyun. Zaɓi ɗaya. In bas ne mai yawo, mai fitar da amo, bar masa wurin, ka rage jita da dB 2 zuwa 3 a wajen 250 da faɗi matsakaici. In kuwa jita ce mai ɗauke da waƙar, bas yana dafa mata ne da dogayen sautuka, rage bas a nan ka bar wa jita jikinta. Don gano ainihin wurin, ɗaga ƙunƙuntar gaɓa ɗaya ta ikwalaiza da dB 8, ka ja ta a hankali daga 150 zuwa 400 har cushewar ta fi muni, sannan ka juya ɗagawar ta zama ragi. Kada ka daɗe kana wannan jan, bayan sakan 20 ko 30 kunne yana fara jin komai da muni.

Bas yana buƙatar taga a tsakiya da za a riƙa gane abin da yake bugawa. Tana tsakanin Hz 700 da 1,000. Ƙara masa dB 2 zuwa 3 a nan, ka rage wa jita dB 1 ko 2 a daidai wurin. Ƙarar yatsa ko ta robar kaɗawa tana wajen 1,500 zuwa 2,500, in ana son bugun ya fito. Jita kuma cizonta yana 2,000 zuwa 4,000, amma a nan muryar mawaƙi take fitar da harafi, kuma waƙar Hausa waƙar magana ce: in ba a ji baitin ba, an yi aikin banza. Duk ƙarin da za a yi wa jita a nan, a yi shi murya tana tafiya. Idan ka ga kana ƙara ko rage fiye da dB 6 a wuri ɗaya, matsalar daga ɗauka take, sake ɗauka ya fi sauƙi.

Bas ɗin da za a ji a salula

Ka tuna inda waƙar za ta. Mafi yawan masu saurare za su ji ta ne a sifikar salula, ko ƙaramar rediyo mai katin memori a teburin mai shayi, ko cikin adaidaita sahu da ƙarar inji. Sifikar salula ba ta fitar da abin kirki ƙasa da Hz 200 zuwa 300. Uwar kowane sautin bas ta ɓace ke nan. Abin da ke ceton lamarin shi ne wata baiwa ta kunne: in ya ji ƴaƴan sauti a jere, 165, 206, 247, sai ƙwaƙwalwa ta cike uwar da kanta, mutum ya ji kamar Mi na ƙasa yana nan. Don haka bas ɗin da ke da ƴaƴa masu rai ana jin sa a salula, wanda ba shi da su kuwa ko an ƙara masa dB 10 a Hz 60 ba zai fito ba, sai dai ya cinye wa waƙar ƙarfi.

Hanyar samar da su ita ce saturashon, ɗan gurza sautin yadda zai haifi sababbin ƴaƴa. Kwafi layin bas ya zama biyu. Na farko a yanke masa sama daga Hz 180, a bar shi da tsabta, a matse shi da kwamfuresa, na'urar da ke danne sautin da ya yi ƙarfi, ya zauna daram. Na biyu a yanke masa ƙasa daga 180 ɗin, a sa masa saturashon ko kwaikwayon amfilifaya, a gurza shi har a ji shi da ɗan kaushi in shi kaɗai ne, a yanke samansa daga 4,000. Sannan a ɗaga na biyun a hankali ƙarƙashin jita. Kaushin da ya ba ka tsoro a solo zai narke cikin jitar, abin da zai rage shi ne bas da ake ganewa. A nan ne ma kayan biyu suke ɗinkewa da gaske, musamman in jitar ma tana da ɗan kaushi. A yi amfani da gangare iri ɗaya a matatun biyu, kuma a gwada maɓallin Ø a layi na biyu, domin wani lokaci sukan soke juna a daidai mahaɗar, sautukan da ke wajen 180 su yi rauni.

Ɗaya gefen kuma shi ne manyan sifikokin masu kiɗan biki. Su suna fitar da Hz 40 zuwa 60 da dukan ƙarfinsu, duk wani wuce-wuri da ɗakinka ya ɓoye maka a can zai tonu a gaban jama'a. Wannan ya sa ƙara ƙasa a makance ya fi rage shi haɗari.

Kwamfuresa

Bas ɗin da wani sautinsa ke tsalle wani ke nutsewa ba zai taɓa zama da jita ba, domin iyakar da ka ja tana motsi da kowane bugu. Fara da hannu: duba layin, sautin da ya yi tsawo a rage shi, wanda ya nutse a ɗaga. Yawancin bas suna da wurin da sauti ke mutuwa da wuri, sau da yawa wajen gaɓa ta 5 zuwa ta 7 a tsirkiyar Sol. Bayan haka a sa kwamfuresa: matsi 4:1, saurin kamu ms 20 zuwa 30 don kan bugun ya wuce, saurin saki ms 80 zuwa 150, a sauke iyakar kamun har allura tana nuna ragin dB 3 zuwa 6. Akwai dalilin da ya sa ba a gaggauta shi. Zagaye ɗaya na igiyar Hz 41 yana cin ms 24. Idan kamu da saki sun fi wannan sauri, kwamfuresan yana bin igiyar kanta yana lanƙwasa ta, sai ka ji wani ɓurɓur marar daɗi a ƙasa. In dB 6 bai isa ba, kwamfuresa biyu a jere kowanne yana cin 3 sun fi guda ɗaya mai cin 8. Allurar ta riƙa dawowa kusa da sifili kafin bugu na gaba. Raba 60,000 da gudun waƙar, wato yawan bugu a minti, ka san tazarar: a gudun 120, bugu ɗaya ms 500 ne.

Jita mai kaushi ta riga ta matsu daga amfilifaya, a ƙyale ta. Mai tsabta tana son kaɗan, 2:1 ko 3:1, ragin dB 2 zuwa 3.

In har mai jita yana dukan tsirkiya mai kauri a wasu wurare kawai, yanke ƙasanta gaba ɗaya zalunci ne ga sauran waƙar. A nan ikwalaiza mai motsi take da amfani, irin TDR Nova, ita ma kyauta. Sa ta a layin jita, buɗe gaɓa ɗaya a Hz 120 zuwa 200, ka aika mata bas ta ƙofar gefe ya zama shi ke ba ta umarni. Duk lokacin da bas ya buga, wannan yankin na jita ya sunkuya da dB 2 ko 3, in ya yi shiru ya dawo. Irin wannan dabarar ake yi tsakanin bas da babbar ganga, ko ƙwaryar da ake duka da dunƙulen hannu, wadda ita ma ƙasa take sauka: bas ya sunkuya dB 2 na ɗan ƙiftawa. In mai saurare ya iya jin sunkuyawar, ta yi yawa.

Dama, hagu, da amsa-kuwwa

Bas a tsakiya, kullum. Jita ita ke tafiya gefe. In ana son faɗi, mai jita ya buga sashen sau biyu, a kai ɗaya dama ɗaya hagu. Kwafar layi ɗaya a jinkirta shi ba ya maye gurbin wannan: jinkirin ms 10 yana haƙa ramuka a Hz 50, 150, 250, 350 har sama da zarar an haɗe su a mono, jitar ta koma kamar daga cikin bututu take fitowa, kuma salula da ƙananan sifikoki da yawa mono ne. Ka sani kuma abin da aka kai gefe can yana raguwa da kimanin dB 3 a mono in an gwada da na tsakiya, don haka a daidaita ƙarfin jita a duba ta hanyoyin biyu. Jita ɗaya tilo a kai ta kashi 30 zuwa 40 gefe guda, a sa kalangu ko fiyano a ɗaya gefen su yi mata nauyi.

Amsa-kuwwar jita tana iya dawo da duk cushewar da aka sha wahalar cirewa. Sa matata a layin amsa-kuwwar kanta, a yanke ƙasa da Hz 250 zuwa 300. Bas kuwa a bar shi a bushe.

Waƙoƙi da yawa a nan da fiyano ake yin bas ɗinsu, ba da tsirkiya ba. Duk abin da aka faɗa yana aiki, da ƙari biyu. Sautin bas na fiyano ko na 808, wato bas ɗin na'urar ganga, sau da yawa uwa ce zalla, don haka ya fi na tsirkiya buƙatar saturashon. Kuma wasunsu suna zuwa da faɗin sitiriyo da amsa-kuwwa a jikinsu, a kashe su a mayar da shi mono. A duba hannun hagun mai fiyano ma, yakan zama mutum na uku a filin nan ba tare da an lura ba.

Daga ƙarshe aika bas da jita duka zuwa layin rukuni ɗaya, a sa musu kwamfuresa mai laushi, 2:1, kamu ms 30, ragin da bai wuce dB 1 zuwa 2 ba, don su riƙa numfashi tare. Jawo wata waƙa da ka san tana fita da kyau ko'ina, rage ƙarfinta ya yi daidai da taka, ka riƙa sauyawa tsakaninsu kana sauraren abu ɗaya: tsayin bas a kan jita. Fitar da waƙar, tura ta salula, ka fita da ita inda ake hayaniya, bakin titi ko wajen Kasuwar Dole. In za ka iya bin amon bas da baki a can, tagar tsakiya ta yi. In ba ka iya ba, koma layin saturashon ka ƙara dB 1 ko 2, kada ka taɓa Hz 60. In kuma baitin mawaƙi ne ya dushe, rage jita a wajen 3,000 kafin ka ɗaga murya.